Kafin Ka Ƙara Baƙin Mai, A Ina Ka Tsaya Ka Zaro Gejin?

Tambaya: Ni direban Sharon ne, ina jigila tsakanin Gumel da Maigatari. Da asuba in na zaro geji a ƙofar gida sai in ga mai ya kusa cika. In na sauke fasinja a tasha ranar Alhamis, yaron mai sayar da baƙin mai ya duba min, sai ya ce ya yi ƙasa, in ƙara lita. Haka nake ta ƙarawa, ga shi yanzu motar ta fara hayaƙi. Injin ne ke shan mai, ko sabon geji zan saya?

Amsa: Direba, ka dakata da sayen geji, ka kuma dakata da ƙarin nan. Alamu sun nuna man da ke cikin motarka ya yi yawa ne, ba kaɗan ba.

Muddin inji na aiki, famfo na tura mai sama, yana zagaya kan inji da filta da duk wata kafa. In ka kashe mota, ba nan take yake gangarowa kaskon da ke ƙasan inji ba, shi kuwa geji abin da ya taru a kaskon kawai yake aunawa. Kai da tsayawarka, fasinja ba su gama fita ba, yaro ya ɗaga bonet ya zaro. Dole ya ga ƙasa. Ba na cewa cutarka yake yi, amma dai wanda abincinsa ke cikin lita ɗin nan ba shi ne zai ce maka ka jira minti 10 ba.

Sai maganar wurin tsayawa. Filin tasha ranar kasuwa duk rairayi ne da kwazazzabai, taya ɗaya a rami, ɗaya a tudu. Ka zuba ruwa a daro ka ɗan karkata shi, za ka ga gefe ɗaya ya cika, ɗaya ya janye. To haka mai yake yi a kasko, kuma geji a gefe guda yake shiga. Ƙofar gidan ma ka duba ta da kyau, don yawancin ƙofofin gidajenmu an yi musu gangare saboda ruwan damina. Simintin gidan mai ya fi ko'ina dacewa.

In ka samu wuri shimfiɗaɗɗe, ka kashe mota, ka ba ta minti 5 zuwa 10. Zaro geji ka goge shi tas da tsumma mai tsabta. Kada ka yarda da zarowar farko, don mai ya fantsalu a jikinsa tun kana kan hanya. Mayar da shi har ka ji ya zauna, sannan ka sake zarowa, ka riƙe shi a kwance ko bakinsa na kallon ƙasa. In ka ɗaga bakin sama, man zai gangaro ya ba ka cikar ƙarya. Duba fuska biyun. Sau da yawa ɗaya takan shafo mai a jikin bututu ta nuna sama, don haka wadda ta fi ƙasa ita ce ta gaskiya.

Abin da direbobi da yawa ba su lura da shi ba shi ne, tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin ƙananan motoci kusan lita ɗaya ce gaba ɗayanta. Ke nan in mai yana tsakiya ka zuba masa lita, ka haura alamar sama da rabin lita. Ka maimaita haka sati bayan sati, sai ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji ya fara dukan man yana tayar da kumfa. Mai kumfa ba ya shafe ƙarfe yadda ya kamata, ga matsi a kan robobin da ke tare mai, sai yoyo, sai hayaƙi mai shuɗi a salansa. Direba ya ga hayaƙi ya ce inji ya gaji, ya ƙara zuba wani.

Gobe da asuba, in ka tarar ya wuce alamar sama, kai ta wajen bakanike ya rage. Daga nan ka zaɓi wuri ɗaya da lokaci ɗaya, kullum nan za ka duba. Ka rubuta lambar kilomita a takarda. In bayan kilomita 1,000 ya sauka daga sama har ƙasa ba tare da ɗigo a inda take kwana ba, to a lokacin ne za a yi maganar ringi, wato zobban fistin da ke hana mai shiga inda wuta ke ci. Kuma tunda Sharon ce, ka leƙa bakin bututun gejin. Motocin Volkswagen da yawa suna da wata roba mai launin ruwan lemo a wurin, zafi yana busar da ita ta farfashe. In ta karye geji ba ya tsayawa inda aka tsara masa, awo ya lalace. Robar nan ita ya kamata ka nema in ta samu matsala.

Tambaya: Malamar makaranta ce ni a Ringim, ina da Corolla. Bakanikena ya ce man da aka rubuta a murfin injin, 5W-30, na ƙasar sanyi ne, in koma 20W-50. Kuma na awo ya fi na galan sauƙi. Wanne zan saya? Sannan in an yi sabon juye ba na ganin komai a jikin gejin.

Amsa: Malama, tambayar ƙarshen ta fi sauƙin amsawa. Sabon mai garai-garai yake, shi ya sa yake ɓace miki. Ki goge gejin ya bushe, ki mayar ki zaro, ki karkata shi wajen hasken rana, za ki ga inda sheƙi ya tsaya. In ya gagara, ki ɗora shi a kan farar takarda, inda ya jiƙa nan ne iyakarsa.

Maganar bakanike kuwa, ba na tare da shi. Lambar farko mai W ita ce ta sanyi, wato yadda mai ke gudu sa'ad da aka tayar da inji da safe. Ta biyun ita ce kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi, a kan digiri 100 ake auna ta. Zafin cikin inji ya ninka na Ringim ko a tsakiyar bazara. Injin Corolla mai VVT-i, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗe bawul da matsin mai, yana da ƙananan kafofi da mai ke bi, mai kauri yana jinkirin isa can, musamman da sanyin safiyar hunturu. Shi 20W-50 yana da masu shi, tsofaffin Golf da Fijo 504 da injin da ya riga ya saki. In taki ba ta shan mai, ki tsaya kan abin da ke rubuce a murfi.

Na awo kuma, wanda ake ɗiba daga duro a zuba a gorar ruwa, ba ki san lambarsa ba, ba ki san ko an gauraya shi ba, ga ƙura tana shiga duk buɗewa. Ki sayi galan a rufe, a gidan mai ko wajen dila da aka sani, ki duba hatimin murfin da idonki, ki tsaya a buɗe shi a gabanki. Kuma kada ki bari a juye galan duka don kawai an saya. Wani lita 4 ne, wani 5, ba kowane inji ke cinye shi ba. A zuba, a tayar da mota minti ɗaya filta ta cika, a kashe, a jira, a auna. Ragowar ki sa a but. A hanyoyinmu masu ƙura, ni ba na son a wuce kilomita 5,000 ba a yi juye da canjin filta ba.

Tambaya: An sa min injin Beljiyom a Kano, ya zo ba geji, sai aka sa na tsohon injin. Zan iya dogara da shi?

Amsa: Sai an gwada, Alhaji. Geji ba ɗaya ba ne, tsawonsa da alamominsa na injinsa ne shi kaɗai. A juye na gaba, a tsiyaye man tas, a auna daidai litar da aka ƙayyade wa sabon injin a zuba. In ya tsaya kusa da alamar sama, ka huta. In ya kauce, ka ɗauki lambar injin ka je Ƙofar Ruwa ka nemo nasa.

Tambaya: Zan sayi Golf ta hannu a wajen wani a Ɗambatta, ina so in sa ta haya. Me geji zai nuna min?

Amsa: Ƙanena, ka je da sassafe kafin a tayar da ita. Mai sayarwa da ya riga ya ɗumama mota kafin ka iso, ka tambaye shi dalili. Zaro geji ka murza man tsakanin yatsunka biyu. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ke nan, na dizal ma kwana kaɗan yake yin baƙi ƙirin. Abin gudu shi ne ka ji tsaki-tsaki, ko ka ga ƙyalli na garin ƙarfe. In ya yi fari-fari da kauri, ruwan lagireto ya shiga, wataƙila gaskit ya ƙone, sai ka buɗe murfin zuba mai ka duba bayansa ma. Ka shinshina, in warin fetur ya yi yawa kuma man ya tsinke, fetur na zurarewa ciki. In kuwa yana danƙo yana jan zare, an zuba masa maganin kauri ne don a ɓoye ƙara ko hayaƙi.

Bayan haka ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Jar fitilar nan mai hoton buta dole ta kama, in inji ya tashi ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta. In ta daɗe ba ta mutu ba, ko tana ƙyaftawa bayan kun zagayo mota ta yi zafi, matsin mai ne ya yi rauni, kuma ko geji ya nuna cike wannan ba ya gyara shi. Irin wannan motar, ko ka bar ta, ko ka cire kuɗin inji daga farashin.