Tambaya da Amsa: Tsakanin mutum da mutum-mutumi, wa zai kauce?

Tambaya: Malam, na ji ana koya wa mutum-mutumi hulɗa da jama'a ta hanyar "ƙa'idar wasa". Gem ɗin waya ake sa musu?

Amsa: A'a, ajiye wayar tukuna. Reshen lissafi ne da ke nazarin yadda kowa ke yanke shawara yana hangen abin da ɗayan zai yi. John von Neumann da Oskar Morgenstern suka aza tubalinsa a 1944, John Nash ya ɗora a 1950.

Tambaya: Ni ban ga amfanin wannan wahalar ba. A umarci na'urar ta riƙa kauce wa mutum kawai mana.

Amsa: Malama, wannan "kawai" ɗin ne ke ƙona min rai. An gwada ai. Saka mutum-mutumi cikin cunkoso, ki ce masa duk inda wani zai iya takawa kada ya taka. Zai duba gabas, ya duba yamma, ya ga ko'ina akwai mai iya zuwa, sai ya sandare. Masana har suna suka raɗa wa matsalar: daskarewar mutum-mutumi. Haka motar da ke tuƙa kanta za ta kwana a mahaɗar titi tana jiran gurbin da babu direban da zai ba ta, na baya suna ta oda.

Abin da ake mantawa shi ne mutane ma suna kallon na'urar, suna gyara tafiyarsu. In ta ɗan kutsa, direba kan sassauta. To lissafin nan shi ke koya mata ta saka martanin mutum cikin shirinta. A 2016, Dorsa Sadigh da Anca Dragan da abokan aikinsu a jami'ar Berkeley ta Amurka sun gwada haka a kwamfuta. Motarsu da kanta ta gano dabarar ja da baya kaɗan a mahaɗa, don direban ɗaya motar ya fahimci an ba shi hanya.

Inda gizo ke saƙar shi ne lissafin kan ɗauka mutum mai hankali ne a kowane lokaci. Wanda ya ƙura wa waya ido yana tsallaka titi fa? Shi ya sa kullum nake cewa ku ɗaga kai, ku yi tafiya miƙaƙƙiya, kada ku riƙa wa na'ura zilliya.

Tambaya: Na'urar shara ta gidanmu kullum sai ta buge min ƙafa. Lissafin ne ya ƙi?

Amsa: Babu ruwanta da Nash. Goge mata idanunta, wato na'urorin da take gane abin da ke gabanta da su, in ƙura ta toshe su, sannan ki sabunta manhajarta.