Akuya mai fiffike a littafin yara: ƙarya ake koya musu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni uwa ce, ina zaune a unguwar Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Ɗiyata ta fari shekararta 4, ƙanenta bai cika 2 ba. Kwanakin baya ƙanena ya kawo mata tsarabar wani littafi daga Abuja, kusan duk zane ne, rubutun Turancin da ke ciki bai wuce layi ɗaya a kowane shafi ba. Labarin wata akuya ce da ta yi fiffike ta tashi sama. Yarinyar ta liƙe masa, kullum sai an buɗe mata. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ce ana cusa wa yarinya ƙarya tun tana ƙarama. Shi kuma maigidan ya ce da na ABC da 123 aka saya mata da ya fi amfani. Shin irin waɗannan littattafai suna da wata fa'ida, ko in ɗauke shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Kada ki ɗauke mata shi. Ki ci gaba da buɗe mata, in da hali ma ki ƙaro wani. Amma maganar Hajiya da ta maigidanki duk ba abin yarwa ba ne, kulawa ce ta sa suka yi ta, don haka ya kamata a ba su amsa mai gamsarwa.

Ƙarya ita ce mutum ya faɗi abin da ba haka yake ba da niyyar a gaskata shi. Wanda ya zana akuyar nan ba ya neman ɗiyarki ta yarda cewa awakin gidanku za su tashi sama gobe, ita ma yarinyar ba haka ta ɗauka ba. Ki lura da ita a tsakar gida ranar da ta yi tuwon ƙasa ta miƙo miki ta ce, "Umma, ci." Kina yin kamar kin ci sai ta ji daɗi, amma da za ki kai ƙasar bakinki da gaske, ita ce za ta fara riƙe miki hannu. Irin wannan wasa yakan fara bayyana tun yaro yana da wata 18 zuwa shekara 2: ya hau dokin kara, ta goya 'yar tsana da ɗankwali, a kara takalmi a kunne a ce waya ce. Mu da muke aikin tarbiyyar ƙananan yara farin ciki muke yi in mun ga haka, domin alama ce yaro ya iya riƙe abu biyu a kansa lokaci guda, abin da ke hannunsa da abin da ya mayar da shi. Wannan baiwar ita zai dogara da ita ranar da malam zai nuna masa wani lanƙwasasshen layi a allo ya ce sunansa "ba", ko a nuna masa 5 a ce ita ce yatsun hannunsa. Karatu gaba ɗayansa a kan haka ya ginu: wani abu ya tsaya a madadin wani abu.

Ita Hajiya kuwa, ina da tabbacin ta fi mu sanin wannan fage, sai dai ba a takarda ta san shi ba. Ta ji labarin Gizo da Ƙoƙi a bakin kakarta, ta san tsamin bakin Gizo, ta san wautar kura da wayon dila, ta san yadda aka yi da 'yar mowa da 'yar bora. Magabatanmu ba su bar abin haka sakaka ba. Mai ba da labari takan buɗe da "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa "Ta zo mu ji ta," in ta gama ta ce "Ƙurunƙus kan ɗan kusu." Tsakanin waɗannan kalmomi biyu kowa ya san an shiga wata duniya, bayansu kuma an dawo gida. Bangon littafi na gaba da na baya aikin da suke yi ke nan. Shawarata ki haɗa su: kafin ki buɗe shafin farko ki ce "Ga ta nan," in kin rufe ki ce "Ƙurunƙus." In Hajiya ta ji haka za ta gane tatsuniya ce aka yi wa zane. Ki miƙa mata littafin ma wata rana ta ba jikarta labarin da bakinta, ba sai ta iya Turanci ba.

Ta fuskar addini, ni ba mai ba da fatawa ba ce, kuma malamai suna da bayanai masu faɗi a kan zanen abu mai rai, sai ku tambayi malamin da kuka natsu da shi. Abin da zan tuna miki kawai shi ne hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani doki mai fukafukai biyu cikin kayan wasan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Da ya tambaye ta, sai ta ce ashe bai ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Haka kuma littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar zuwa Larabci tun ƙarni na 8 Miladiyya, dabbobi ne ke magana a yawancin labaransa, kuma an daɗe ana karanta shi a ƙasashen Musulmi don koyon hikima da harshe.

Duk da haka akwai iyaka, kuma a nan Hajiya tana da gaskiyarta. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana rarrabe wasa da gaske a abin da ya sani, amma yakan rikice a abin da bai taɓa gani ba. Akuya ta sani, ba za a ruɗe ta a kanta ba. Giwa ko kifin teku kuwa, abin da littafi ya nuna mata shi za ta ɗauka. Patricia Ganea ta Jami'ar Toronto a Kanada da abokan aikinta sun gwada wannan a binciken da suka wallafa a 2014, suka ga yaran da aka karanta wa labarin baƙuwar dabba da siffofin mutane sun fi jingina wa dabbar halayen ɗan Adam. Saboda haka in ilimin dabbobi ko na tsirrai kike son ta samu, ki nemo littafi mai hotunan gaske. Sai kuma tsoro. Dodon da aka faɗa da baki, yaro shi ke ƙera shi daidai ƙarfin zuciyarsa. Wanda aka zana da jajayen idanu da fiƙa ya riga ya zauna, kuma yakan biyo yaro shimfiɗa. Ki fara duba kowane littafi ke kaɗai, in kin ga shafin da zai firgita ta, ki ajiye shi sai ta ƙara girma.

Shi kuma maigida, burinsa yarinya ta iya karatu, kuma burina ke nan ni ma. Haddar ABC abu ne mai sauƙi, yara da yawa suna rera ta tun daga nazare. Inda muke ganin sun tsaya shi ne a firamare 3 ko 4, yaro ya haɗa baƙaƙe ya furta jimla sarai, ka tambaye shi me ta ce, ya yi shiru. Abin da ya rasa shi ne yawan kalmomi, da sanin yadda labari ke tafiya: wannan ya faru, shi ya jawo wancan, ga yadda aka ƙare. Littafin baƙaƙe ba ya ba da wannan. Labarin akuyar nan kuwa zai kawo mata kalmomin da hirar yau da kullum ba ta cika kawowa ba, irin su gajimare, fiffike, shawagi, sararin samaniya. Tana kuma koyon abubuwan da babba ba ya ma lura koyonsu ake yi: yadda ake riƙe littafi, cewa boko daga hagu yake farawa alhali allonta na Islamiyya daga dama, cewa baƙaƙen nan da ke ƙasan zane su Umma take faɗa. Ku sayi na ABC ɗin, ba ya hana wannan.

Ƙarancin rubutun da kika ambata da gangan aka yi shi. Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, saboda a maɗaba'a babbar takarda ake ninkewa ta ba da shafuka takwas-takwas ko goma sha shida. Cikin wannan ɗan fili marubuci da mai zane suke raba aiki, kuma a littafi mai kyau zanen ba maimaita rubutun yake ba. Rubutu zai ce akuya ta yi sallama da kowa ta tafi, zane kuma ya nuna wani ɗan tsako ya maƙale a jelarta ba ta sani ba. Babba idonsa na kan layin rubutu, yaro ne zai hango tsakon, ya yi ihu, ya nuna da yatsa. A wannan lokacin ya san abin da mai karanta masa bai faɗa ba, kuma da idonsa ya samo shi. Ni a wurina wannan shi ne ma'aunin farko in zan sayi littafi: shin akwai abin da zanen ya sani wanda rubutun bai faɗa ba? Na biyu, ƙarshen kowane shafi ya sa yaro ɗokin a juya. Littafin da daga shafin farko wa'azi yake yi, yaro ya wanke hannu, yaro ya gaida manya, ba tare da wani abu ya faru da kowa ba, sau ɗaya ake buɗe shi yaro ya gundura.

Yadda ake karantawa ya fi littafin kansa tasiri. Ki ɗora ta a cinya ko ku zauna tabarma ɗaya, littafin yana fuskantarku ku biyu. Ki ba da labarin da Hausa, ko da Turanci aka rubuta, kada ki ɗaure kanki da fassara layi-layi. Ki sauya murya, akuya da tata, kura da tata. Sannan ki riƙa tsayawa kina tambaya: "Me kika gani a nan? Ina kike jin za ta sauka? Ke da kina da fiffike ina za ki?" In ta ce "Akuya sama," ki ɗora mata: "Ƙwarai, akuya ta tashi sama, har ta wuce kan bishiyar kuka." Grover Whitehurst da abokan aikinsa a Amurka sun gwada wannan salo a 1988, inda aka koya wa iyaye yin tambaya da faɗaɗa amsar yaro, kuma yaransu suka zarce sauran wajen iya furta magana. Minti 10 zuwa 15 bayan sallar isha'i ya wadatar. In ta ce a sake, ki sake, ko karo na nawa ne. A maimaicin nan kalmomi suke zama, har wata rana ki ji ta tana ba ƙanenta labarin tana bin shafuka da yatsa.

Abin da ke damuna, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne ƙarancin irin waɗannan littattafai da Hausa. Ki zaga shagunan littattafai a Katsina, na makaranta da na addini da na manya za ki tarar, na 'yan shekara 2 zuwa 5 masu zane mai kyau sai an tona. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina, taska ce, amma sai yaro ya yi wayo yake iya bin dogayen labaransa. Waɗanda ake shigowa da su daga waje kuma cike suke da ƙanƙara da gidajen da ba irin namu ba. Ba laifi yaro ya leƙa duniyar wasu, sai dai in duk littafin da ya buɗe babu mai kama da shi, babu zaure, babu rumbu, babu mace mai lulluɓi, a hankali zai ɗauka littafi ba don irinsa ake yin sa ba.

Akwai 'yan hanyoyi. African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ta kafa, da StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, wanda aka buɗe a 2015, duk suna da labaran yara masu zane da Hausa, kyauta a intanet. Hausar wasu fassara ce mai tauri, sai ki gyara da bakinki. Gara ki kai shagon kwamfuta a buga miki a takarda da a ce kullum a waya za ta kalla, domin Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai reno. Haka nan shirin RANA, wanda aka gudanar a makarantun firamare na jihohin Katsina da Zamfara tare da UNICEF, ya samar da kayan koyon karatu da Hausa. In kin san malamar da ta yi aiki da su, ki tambaye ta.

Kuma za ku iya yin naku. Takarda huɗu in an ninke su biyu aka ɗinke tsakiya da zare sun ba da shafi 16. A ce shamuwa ta iso gab da damina, ta ɗauki ɗiyarki a bayanta. Suka bi ta kan hasumiyar Gobarau, suka hango dawakai a Ƙofar Soro kamar tururuwa, suka miƙe gabas har Daura suka leƙa rijiyar Kusugu, sai ga hadari ya taso. Yaya za su dawo gida kafin ruwa ya sauko? Wannan ki bar mata ita ta faɗa, ki rubuta yadda ta faɗa, da sunanta a bango. Ko zanenki bai yi kyau ba, ba za ta damu ba, kuma in akwai yaron maƙwabta mai hannun zane a sa shi.

Ƙaramin kuwa, a shekarunsa baki yake kai komai, kuma yaga takarda wasa ne a wurinsa. Nasa ya zama mai shafukan kwali masu kauri, abu ɗaya babba a kowane shafi: kofi, kyanwa, ƙwallo. Kwalin sabulu ko na madara da aka manna wa hoto ya isa. Na yayar tasa a sa shi inda hannunta zai kai nasa ba zai kai ba, kada a kulle shi a durowa don gudun lalacewa. In shafi ya yage, ku liƙe shi da salatif tare da ita, a ci gaba da karatu.