Ɗan koyo zai iya gyaran kafireton injin kwale-kwale da kansa?

Ka ce injinka, Yamaha mai ƙarfin doki 15, yana mutuwa a silo, kana tambaya ko za ka iya buɗe kafireto, wato inda fetur ke gauraya da iska, da kanka. Za ka iya, ɗan'uwa, aikin haƙuri ne kawai.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hotonsa da waya. Sukurun daidaita mai da iska kuwa, murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, ka ƙirga zagayen, ka rubuta, domin da wannan adadin za ka mayar da shi. In ka matse shi da ƙarfi, bakinsa ya lalace.

Mutuwa a silo yawanci ƙaramin jet ne, wato ɗan ƙarfe mai ramin da fetur ke bi, ya toshe da daskararren tsohon fetur. Fesa masa maganin wanke kafireto, ka hura iska har ka hango haske ta ramin. Kada ka zura waya, tana faɗaɗa ramin, injin ya koma shan mai. Duba allurar fulot, wadda ke tsayar da shigar fetur in kwanon kafireto ya cika: in bakinta ya ci, fetur zai riƙa ambaliya, sai ka sa sabuwa tare da sabon gaskit, wato abin da ke hana yoyo a mahaɗar kwanon.

Wanke tanki da matatar mai, in ba haka ba dattin zai dawo. Gwaji kuma a cikin duron ruwa, domin tayar da shi a bushe yana ƙona robar famfon ruwa.