Ga ɗana a Ingila, kan shirun minti biyu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce maƙwabcinka ya maƙala jan fure a ƙirji, ya gayyace ka tsayuwar shiru don tunawa da kakansa, maharbi a cikin jirgin jefa bama-bamai na Birtaniya ƙirar Lancaster a yaƙin Hitila, kana son sanin asalin al'adar da ko ya dace ka je.

Daga yaƙin duniya na farko ta samo asali. Ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918 aka tsagaita wuta, da shekara ta zagayo suka fara tsayuwar. Furen kuwa irin wanda ya tsiro ne a filayen daga na Beljiyam.

Amma ka san irin mutumin da ake tunawa tukuna. Su bakwai ne a jirgi, maharbin baya shi kaɗai can a wutsiya, cikin ɗan akurkin gilashi, bindigogi huɗu a gabansa. Saboda ƙuncin wurin, lemar tsirarsa ma a bayan ƙofa take. Wasu har cire gilashin gabansu suke yi don kada tabo ya ɓoye musu jirgin Jamus, su kwana iska na yankan fuska, ido na laluben duhu. Sai mutum ya yi fita 30 kafin a ba shi hutu. Cikin kimanin 125,000 da suka tashi a dukkan jiragen rundunar jefa bama-bamai ta Birtaniya, 55,573 sun mutu, galibinsu sa'o'inka.

A Yunin 1944 jirgin Andrew Mynarski, ɗan Kanada, ya kama da wuta a sararin Faransa. Maharbin baya ya maƙale. Mynarski ya ratsa wutar ya yi ta saran ƙofar da gatari har tufafinsa suka kama. Ƙunar ce ajalinsa, wanda ya je ceto kuwa Allah ya yi da sauran kwanansa.

Ba zan ɓoye maka ba, bama-baman da jiragen nan suka jefa sun ƙone mata da yara a biranen Jamus, Hambug a 1943 da Dresden a 1945. Abin yana taɓa ni ƙwarai, kuma su kansu Turawan sai 2012 suka gina wa mayaƙan jiragen wurin tunawa a Landan.

A ganina ka je, maƙwabci yana da haƙƙi a kanka. In kun zauna shan shayi, ka ba shi labarin jiragen yaƙinsu da suka riƙa sauka a Kano da Maiduguri daga Takoradi ta ƙasar Gana zuwa Masar, da kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙi a ƙasar Bama (Burma).