Likita Ya Amsa: Toshewar Jijiyoyin Jini Biyu a Ido Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina ya wayi gari idonsa na dama ba ya gani, ba ciwo kuma ba ja. Likitan ido ya ce jijiyar da ke kai jini cikin idon da wadda ke fitar da shi sun toshe tare, kuma ya ce mu riƙa kawo shi a kai a kai ko da ganin bai dawo ba. Yaya za a yi su toshe lokaci guda? Kuma mene ne amfanin zaryar asibiti idan idon ba zai warke ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da ake kira ratina, wanda shi ke karɓar haske ya aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Babbar jijiya ɗaya ce ke kawo wa sashensa na ciki jini, ɗaya kuma ke kwashe shi, kuma su biyun suna ratsawa ne ta tsakiyar jijiyar gani, wato wadda ke ɗaukar saƙon daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, manne da juna cikin kube guda, a wurin da babu sararin buɗawa. Saboda wannan matsi, abin da ya sami ɗaya yana iya shafar ɗayar. Idan mai fitar da jini ta toshe gaba ɗaya, jinin yakan taru har ya hana sabo shigowa, haka kuma kumburi ko ƙari a jijiyar gani yana iya shaƙe su duka. Haɗuwar biyun ba kasafai take faruwa ba, amma ta fi toshewar kowace ɗaya ita kaɗai muni.

Game da ganin da ya tafi, gara in gaya miki gaskiya. Ratina ba ta jure rashin jini. Gwajin da Farfesa Sohan Hayreh na Jami'ar Iowa a Amurka ya yi a kan birai ya nuna cewa idan yankewar jini ta kai kimanin awa 4, ɓarnar ba ta gyaruwa. Don haka a yawancin masu irin wannan toshewa, ganin ba ya dawowa yadda yake, sai dai ɗan abin da ya rage a gefe.

Duk da haka, ina roƙon ku kada ku yanke zuwa asibiti, domin a nan ne iyalai da yawa suke yin sake. Ratinar da ta rasa jini takan fitar da wani sinadari da ke sa sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro, har su kai gaban ido su toshe mafitar ruwan cikinsa. Daga nan sai matsin idon ya hau, ya zama wani mugun nau'in gilakoma mai tsananin zafi, wanda kan bayyana cikin makonni ko 'yan watannin farko, ya ƙarasa ɗan ganin da ya saura, wani lokaci ma ya kai ga cire idon. Majinyaci ba ya jin tsirowar waɗannan jijiyoyi da farko, likita ne kaɗai ke ganinsu da na'ura. Idan an kama su da wuri, ana dakatar da su da hasken leza da ake yi wa gefen ratina, da kuma allurar cikin ido irin su Avastin ko Eylea. Wannan magani ba don a dawo da gani ake yin sa ba, don a ceci idon ne daga ciwo.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Jijiyar ido ba ta toshewa haka kawai, kuma cutar da ta toshe ta tana iya toshe ta ƙwaƙwalwa, ta jawo shanyewar ɓarin jiki. A masu shekaru, galibi ana samun hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini ko shan taba. A matasa kuwa ana neman cututtukan da ke sa jini daskarewa ko jijiyoyi kumbura, irin su lufus da cutar Behçet, har da sankarar jini. Ya kamata a auna jinin Baba da sugansa, a ɗauki hoton zuciyarsa da jijiyoyin wuyansa. Idan ya haura shekara 50 kuma yana ciwon gefen kai, ko muƙamuƙinsa na gajiya wajen tauna, a gaya wa likita nan take, domin alama ce ta kumburin jijiyoyin kai da ke iya kama ɗaya idon cikin kwanaki, kuma yana da magani.

Idan idon hagu ya dushe ko da na 'yan mintuna ne sannan ya washe, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku kai shi sashen gaggawa a wannan sa'ar.