Filin Harshe: 'Yar Tsana Daban, Katun Daban

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan tsofaffin shirye-shiryen yara na talabijin, irin waɗanda 'yan tsana ke magana a cikinsu.

Tambaya: Malam, muna yara muna kallon shirin nan mai koren kwaɗo da ƙaton tsuntsu rawaya. Na ce wa 'yata katun ne, mahaifinta ya ce ba haka sunansa ba. Wa ya fi gaskiya?

Malama, maigidanki ne ya fi gaskiya, kuma na ji daɗi da ya tanka, domin kuskuren nan ya zama ruwan dare. Yanzu duk abin da ya motsa a allon talabijin, in dai ba mutum ba ne, sai ka ji an ce katun. Katun zane ne. Ana zana hoto bayan hoto, da hannu ko da kwamfuta, a jera su da sauri har ido ya ga kamar motsi suke yi. Abin da kika kalla kuwa yana da jiki, ɗinka shi aka yi, kuma akwai hannun mutum a cikinsa. Sunansa 'yar tsana, jam'insa 'yan tsana, ko siffar namiji aka yi masa ko ta dabba.

Ba son gyara kawai ke sa nake matsawa a kan wannan ba. Duk wanda ya ce katun ya shafe wahalar mutanen da ke ƙarƙashin allo. Kwaɗon nan, Kermit, wani Ba'amurke Jim Henson ne ya ɗinka shi a 1955, da tsohuwar kwat ta mahaifiyarsa, ya raba ƙwallon tebur biyu ya yi masa idanu. Kan nasa mai laushi ne, don haka da ɗan motsa yatsu sai fuska ta yamutse ko ta saki, ka ga fushi, ka ga kunya. Tsuntsun kuwa, Big Bird na shirin Sesame Street, tsawonsa ƙafa 8 da inci 2, kuma mutum ne sukutum a cikinsa. Caroll Spinney ya shiga rigar nan daga 1969 har 2018. Hannunsa na dama yana miƙe sama da kansa, ya bi ta dogon wuyan, shi ke buɗe baki yana rufewa. Ba ya ganin waje. Wata 'yar ƙaramar talabijin aka ɗaura masa a ƙirji, da ita yake ganin abin da kyamara ke ɗauka, da ita yake sanin inda zai sa ƙafa. Ki ɗaga hannunki sama na minti biyar ki ji yadda kafaɗa take, sannan ki tuna shi a haka yake magana, yana waƙa, yana rarrashin yaro. A ce wa wannan aiki zane? Haba!

Tambaya: Waɗanda ake ja da zare daga sama fa, suna da suna na daban?

A ce 'yar tsana mai zare, ɗayar kuma 'yar tsanar hannu, ya wadatar. Masu zaren sun yi tashe a Ingila, kamar shirin Thunderbirds na 1965. In ka lura, yawanci a zaune suke cikin jirgi ko mota, saboda tafiya da ƙafa ita ce abin da zare ya fi kasa kwaikwaya.

Tambaya: Shin tsanar da ke cikin 'yar tsana ita ce tsana ta ƙiyayya?

A'a. Kalmomi biyu ne da rubutu ya haɗa, kamar fari na launi da fari na rashin ruwa.

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne. Ɗalibaina suna rubuta mutum-mutumi, wasu ma gunki. In karɓa?

Malam, kada ka karɓa, musamman na biyun. Gunki abin bauta ne, ba ruwansa da abin da aka ɗinka don a koya wa yara ƙirga. Mutum-mutumi siffa ce da aka kafa ta tsaya cik, ko a gona don korar tsuntsaye ko a dandali don tunawa da wani. 'Yan jarida sun ara wa na'urar da ke aiki kamar mutum wannan suna, kuma ya zauna, ba ni da ja. Amma kalma ɗaya ba za ta ɗauki kaya uku ba alhali ga 'yar tsana nan zaune ba ta da aikin yi.

Tambaya: Na ce ina kewar shirye-shiryen nan, sai yayana ya ce, “Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.” Gori ne ya yi mini? Kuma kewa ce daidai ko bege?

Ɗana, bari in fara da ta biyun. Kewa ita ce gurbin da abu ya bari bayan ka saba da shi, shi ya sa muke cewa sabo turken wawa, kuma shi ya sa ake kewar wanda ya yi tafiya. Bege ya fi ta zafi, akwai so a cikinsa da ɗokin saduwa. Marmari kuwa sha'awar abin da aka daɗe ba a samu ba ce, ka ɗan taɓa ka ji sanyi. Saboda haka kana kewar zamanin, kana marmarin sake kallon shirin. Dukansu Hausa ce tsantsa, kuma abin na damuna in na ji matasa sun bar su ukun sun ɗauko kalmar Turanci sun cusa a tsakiyar magana, kamar harshen ya talauce.

Karin maganar kuma lura ce da halin mutum: yawan ambaton jiya yakan nuna yau ta yi tsami. Ba doka ba ce da ta hana tuna baya, kuma ba na jin daɗin yadda ake jefa ta don a rufe bakin mai magana. Wadda ta dace da kai ita ce “waiwaye adon tafiya”. Kada dai ka ɗauko “tuna baya shi ne roƙo”, yadda nake gani ana yi barkatai. Ita tana magana ne a kan mai tunatar da kai tsohon zumunci ko alherin da aka saba yi masa don ya samu wani abu a hannunka.

A ganina ma ba 'yan tsanan kaɗai kake kewa ba, har da jiran. Shirin yana da lokacinsa, in ya wuce ka ya wuce, ba maimaitawa sai tasha ta ga dama. Sannan ba da ka aka yi su ba. Kafin a fara nuna Sesame Street ranar 10 ga Nuwamba 1969, masu shirin, ƙarƙashin Joan Ganz Cooney, sun gwada shi a gaban yara suna lura da inda idanunsu ke kallo. Suka ga da zarar mutane zalla sun fito sai hankalin yaran ya tafi wani wuri, in 'yan tsana sun dawo ya dawo. Dalilin da ya sa aka haɗa su da mutane a titi ɗaya, wato titin da labarin shirin ke gudana, ke nan, duk da masanan da suka ba da shawarar a raba su don kada yara su rikice. Mai cewa “ai wasan yara ne” da nufin raini bai san yawan manyan da suka yi gumi a kansa ba.

Tambaya: Na ji wani mai fassara ya ce “gwamnatin 'yar tsana”. Hausa ce?

Ana ganewa, amma daga ji ka san fassara ce. Muna da “gwamnatin jeka-na-yi-ka” ga wadda wasu suka ɗora suna juya ta. Mutumin da ba ya da ta cewa sai abin da maigidansa ya faɗa kuma “ɗan amshin Shata” ne, daga 'yan amshin da ke maimaita wa marigayi Mamman Shata baitinsa. Mai fassara ya zaɓi ɗaya daga ciki gwargwadon abin da yake nufi.