Amsa ga Alhaji kan sitiyarin da ke rawa in an taka birki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari muryarka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni a gareji, a yi mani afuwa. Ga waɗanda ba su ji ba, Alhaji cewa ya yi Corolla ɗinshi ƙirar 2006, in ya ɗauki hanyar Daura ya kai gudu 100 ya taka birki, sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannunshi. Sau biyu yana canza fad, wato abin da ke matse faifan birki, ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, an kuma yi mashi balansin taya, abu bai tafi ba. Shi ne yake tambaya wane faifai da wane fad zai saya ya huta.

To Alhaji, zan gaya maka abin da za ka saya. Amma ka yi haƙuri in fara da abin da ya fi damuna, don in ba a gyara shi ba, ko faifan da ya fi kowane tsada aka ɗaura maka, bayan 'yan watanni rawar nan za ta dawo.

Tunda ka ce sai ka taka birki take yi, kuma a sitiyari kake jin ta, to faifan gaba ne. Da a kujera kake ji, ko jikin motar gaba ɗaya, da sai mu ce a duba baya. Da kuma tana yi ko ba ka taka ba, wannan maganar taya ce, ko rim ya lanƙwashe, ko taya ta yi ƙulu. Kuɗin balansin ɗin nan dai ba wurin ciwon suka je ba. Sannan kada wani ya rikita wannan da bugun da feda ke yi in an yi birkin gaggawa a kan yashi. Wancan ABS ne, na'urar da ke hana taya ƙamewa, ke aikinshi, lafiya lau ne.

Mu makanikai mun saba cewa faifai ya lanƙwashe. Haka muke faɗa, amma yawancin waɗanda nake aunawa kaurinsu ne ya bambanta, wani gefe ya fi wani. Kana ji na ko? Faifan nan a kan hob yake zaune, wato wurin da notocin taya suke. In akwai tsatsa ko ƙasa a fuskar hob ɗin aka ɗora faifai a kai, zai zauna a ɗan karkace. Karkacewar da ake yarda da ita wajen 0.05 ne na milimita, kamar kaurin silin gashin kai, ido ba ya ganin ta. In ta wuce haka, duk juyin da taya ta yi sai faifan ya ɗan gogi fad a wuri ɗaya, ko ba ka taka birki ba. Daga nan zuwa Kano, ka bi ta Charanci, Kankiya, Tsanyawa, Bichi, ka lissafa sau nawa tayar ta juya. A hankali wurin nan ya ci, ko kuma garin fad ya manne mashi ya yi tudu. Ranar da ka taka, fad ya hau tudu ya sauka, ya hau ya sauka, shi ne abin da ke zuwa hannunka.

Shi ya sa mutum zai sa sabon faifai, mota ta yi lumus, ya yi ta godiya, can gaba abu ya dawo ya ce an sayar mashi da jabu. Akwai wata mota da ta taɓa zo mani, mai ita faifai na uku ke nan yana saye. Da na cire, wallahi fuskar hob ɗin ja wur take da tsatsa, ba wanda ya taɓa sa mata buroshi. Na ji tausayin bawan Allah nan ƙwarai, don aikin minti goma ne ya cinye mashi kuɗin faifai biyu.

Na biyu, ɗaurin noti. Wannan kam yana ci mani rai. Za ka tsaya wajen mai faci, ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa, noti ɗaya ya ɗauru kamar an yi mashi walda, na kusa da shi kuma bai kai ba. Faifan da ke tsakanin rim da hob shi ke shan wahalar. Toyota cewa suka yi 103 a ma'aunin Nm ga notin Corolla, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙas in ta kai. Ko babu ita, a ɗaura a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarshi, kamar ana zana tauraro, a zagaya sau biyu da ƙarfin hannu. Ka tsaya a kansu in ana yi, Alhaji, motarka ce.

Sai kalifa, wato abin da ke riƙe da fad yana matsa shi a jikin faifai. Tana da fil guda biyu da take zamewa a kansu. Ƙurar hunturu da ruwan damina in suka shiga ta robar da ta yage, fil ya ƙame, fad ya ƙi sakin faifai, zafi ya yi ta taruwa. Alamarshi, in ka dawo daga tafiya ka kusanto da hannu, rim ɗaya ya fi ɗan'uwanshi zafi, ko ka ga fad na ciki ya cinye na waje yana nan. A wanke fil ɗin a sa mashi giris na birki. Giris na boris yana kumbura roba, kada a yarda a sa shi.

Yauwa, yanzu maganar saye.

Kafin ka fitar da ko sisi, a auna wanda ke jikin motar. Kowane faifai an buga mashi iyakar sirantarshi a gefe ko a tsakiya, za ka ga an rubuta MIN TH da lamba. Na Corolla irin taka 'yar Amurka, sabo milimita 25 ne, iyakarshi 23. In da sauran nama kuma bai tsage ba, bai yi shuɗi don zafi ba, ana iya kai shi wajen masu injin tana su aske fuska biyun, muddin bayan askin bai gaza 23 ba. Ni dai in ya kusa iyaka ba na ba da shawarar aski, don siririn faifai ba ya ɗaukar zafi, da wuri yake sake lalacewa. Milimita biyu kacal ke tsakanin sabo da matacce, ka ga babu wani wurin wasa.

In sabo za ka saya, ka fara sanin motarka 'yar ina ce. Corolla ta waɗannan shekarun, 'yar Amurka noti biyar gare ta, 'yar Turai huɗu, faifansu ba ɗaya ba ne. Ka ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka ba mai kaya, ko ka tafi da tsohon faifan a gwada faɗi da kauri da tsayin hularshi. Ko nan cikin gari za ka saya, ko Kofar Ruwa za ka aika Kano, kada ka ce kawai a ba ni na Corolla.

Sunayen da na yarda da su, na Toyota kanshi in ka samu na gaske, sai Advics da Akebono, su ne kamfanonin Japan da ke yi ma masu ƙera motoci kayan birki tun daga masana'anta. Akwai Brembo, Bosch, TRW, ATE, Ferodo, duk masu kyau ne. Matsalar ita ce kwali ba ya magana, duk sunan da ya yi kasuwa sai an kwaikwaye shi. Saboda haka ka ɗauki faifan a hannu. Ka leƙa ramukan iskar da ke tsakiyarshi, bangon hagu da na dama su zama kauri ɗaya. Ka nemi lambar MIN TH, in babu, ajiye mashi abinshi. Ka saya wajen wanda in abu ya ƙi za ka iya komawa ka same shi.

Faifan Beljiyam fa? Wani yana da kyau, amma ba ka san wahalar da ya sha ba, sai an auna kauri a wurare da dama kafin a biya. Fad kuwa ban yarda a sayi na hannu ba sam. Masu huji-huji da zane ɗin nan da samari ke so, kyan gani ne, motar gida ba ta buƙatarsu, kuma masu hujin suna iya tsagewa daga bakin ramin. Ka ɗauki sumul ɗinka.

Fad kashi-kashi ne. Akwai mai garin ƙarfe a ciki, yana jure zafi, ya dace da mai ɗaukar fasinja da kaya, sai dai yana cin faifai da ɗan sauri kuma wani lokaci yana ƙara. Akwai siramik, ba ya ƙara, ba ya baƙanta rim sosai, yana tausaya ma faifai. Kai da iyali kake ɗauka zuwa Daura ka dawo, siramik na kirki ya ishe ka. In na Turai ne ka duba bayanshi, akwai tambarin E da 90R, shaidar an gwada shi ke nan. Wanda aka ce maka araha ne ƙwarai, shi ne wanda in ya ɗauki zafi yake narkewa ya shafe fuskar faifai. Kuma duk biyu-biyu ake canzawa, hagu da dama tare, sabon faifai da sabon fad. Fad ɗin da ke jiki yanzu, ko sati biyu ya yi, ya riga ya ɗauki siffar tsohon faifai.

Ranar ɗaurawa, a goge hob da buroshin waya da sanfefa sai ya yi fari. A wanke man da ke jikin sabon faifai. In makanikenka na da agogon awo, wato na'urar auna karkacewa, ya dafa shi a faifan ya juya ya ga karkacewar kafin a mayar da taya. Tunda an ɗaga motar, a girgiza taya a ji boris, a duba tayarod da bushin, sassan da ke haɗa taya da sitiyari da jikin mota, don in sun saki, ƙaramar rawa sai su mayar da ita babba. Man birki ma in ya wuce shekara biyu a canza, yana tsotsar danshi.

Da ka fito, nemi hanya marar cunkoso. Ka kai 60, ka taka a hankali amma da nauyi har ka sauko 10, kada ka tsaya cak, ka sake tashi. Ka yi kamar sau takwas ko goma, sannan ka yi tafiyar 'yan mintuna ba birki don ya huce. Haka fad ke shimfiɗa kanshi daidai a fuskar faifai. Daga nan kuma ka kiyaye abu biyu. In ka yi birki mai ƙarfi daga babban gudu, a shingen jami'ai ko tudun rage gudu, kada ka danne feda ka zauna a kai, ka ɗan saki motar ta gusa. Kuma in ka dawo daga doguwar tafiya kada ka wuce wajen wanki kai tsaye a watsa ma faifai mai zafi ruwa.

Ina roƙonka kada ka sake ɗaukar hanya da iyali kafin a duba, don motar da ke rawa ba ta tsayawa inda kake zato. Ka ɗauki hoton lambar shasin ka turo mani ta gefe. In kana gari gobe bayan azahar ka biyo da ita, agogon awon yana nan, mu auna a gabanka kafin ka sayi komai. Ga shi ana kiran magariba, sai na ji ka. Wassalamu alaikum.